Kurfoti a Gefen Titi: Tarihin Awadiya Mahmud Koko

Wanda ya san Suk al-Arabi kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya san cewa wannan kasuwa ta tsakiyar Khartum, wadda ke daura da Babban Masallaci, da hayaƙin gawayi take farkawa. Tun da asuba mata ke jera 'yan kujerun da ake kira banbar a inuwar shaguna, su hura wuta, su ɗora buta. Mutanen Sudan na ce musu sittat ash-shai, wato matan shayi. A ƙasar Hausa mai shayi namiji ne da teburinsa da burodinsa, amma a can sana'ar ta mata ce. Daga cikin irin waɗannan mata aka samu Awadiya Mahmud Koko, wadda sunanta ya zarce na kukun manyan otal-otal na ƙasar.

An haife ta a shekarar 1963 a Kudancin Kordofan, iyalinta suka yi ƙaura zuwa Khartum, ta kuma fara sayar da shayi a 1986. Wannan shekara abin lura ce. Yaƙin basasa ya sake tashi a 1983, sannan farin 1984 zuwa 1985 ya koro jama'a daga Kordofan da Darfur zuwa bayan garin Umdurman. Mata da yawa suka wayi gari su ne masu ciyar da gida, ba gona, ba takardar makaranta. A 1983 ɗin ne kuma Shugaba Numairi ya haramta giya, aka rufe mashayu. A ganina wannan ya ƙara wa majalisar shayi daraja a matsayin wurin hirar magidanta da ma'aikata.

Abin da ya buɗe wa waɗannan mata ƙofa shi ne kanun, ɗan murhun gawayi na ƙarfe irin wanda muke kira kurfoti. Ba ya cin jari mai yawa, ba ya neman shago ko lantarki. Wuta ɗaya ce ke dafa shayi da gahawar jabana da soborodo. Ko bayan da matatar man al-Jaili ta fara aiki a shekarar 2000, gas ya shiga gidaje da gidajen abinci, gawayi bai bar gefen titi ba, domin tukunyar gas tana da nauyi da tsada, mai gudun kame kuwa ba ta son kaya mai nauyi. Ɗalibin Hausa zai so ya san cewa a kan irin wannan garwashi ne ake gasa agashe, tsiren da Hausawan Sudan suka shahara da shi, har sunansa ya zauna daram a bakin Larabawa.

Sai dai abin da hannu ɗaya ke iya ɗauka, hannu ɗaya ke iya ƙwacewa. Bayan hawan Umar al-Bashir a 1989, samamen da ake kira kasha ya tsananta: a kwashe murhu da kofuna da kujeru, a ci mai su tara. Ga macen da jarinta ke nan kaf, wannan karayar arziki ce. A nan tafarkin Awadiya ya sauya. A 1990 ta kafa ƙungiyar gama kai ta mata masu sayar da abinci da shayi, domin su tsaya wa juna a gaban hukuma, su kuma karɓo kayan da aka ƙwace. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, don ta yi shekara huɗu a kurkuku saboda bashi. A watan Maris na 2016 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata na duniya.

Daga 6 ga Afrilun 2019, lokacin da jama'a suka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja, Awadiya da matan ƙungiyarta suka girke manyan tukwane suna ciyar da masu zanga-zanga, har cikin azumi, zuwa ranar 3 ga Yuni da aka tarwatsa taron da harsasai. A watan Nuwamban shekarar gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar tsarin jama'a, wadda a ƙarƙashinta aka daɗe ana farautar matan shayi.