Sunan Dangi da Zaren Jini: Daga Yorkshire Zuwa Daura

A shekarar 2000 wani malamin ilimin ƙwayoyin halitta na Jami'ar Oxford, Bryan Sykes, ya wallafa sakamakon wani bincike da ya fara kamar da wasa. Ya aika wa maza masu sunan danginsa wasiƙu a Yorkshire da yankunan da ke maƙwabtaka da ita a arewacin Ingila, ya roƙi kowa ya goga ɗan burushi a cikin kumatunsa ya mayar masa. Masana sunaye sun daɗe suna cewa kalmar Sykes daga sunan 'yar ƙorama ta samo asali, saboda haka duk gidan da ya zauna a bakin ƙorama zai iya ɗaukarta ba tare da wata dangantaka ba. Da aka auna samfurin mutum 48, sai aka tarar kusan rabinsu alamar gado ɗaya suke ɗauke da ita, kuma ba a same ta a jikin maƙwabtansu masu wasu sunaye ba. Ma'ana, kusan rabin masu sunan daga mutum guda suka fito, wanda ya rayu shekaru kusan 700 da suka wuce.

Dalilin da ya sa hakan ya yiwu ba shi da wuyar ganewa. A cikin ƙullin gadon da ke jikin ɗan Adam akwai wani zare da masana ke kira Y, wanda namiji ne kawai ke da shi, kuma daga mahaifinsa yake karɓarsa kusan yadda yake. Uwa ba ta sa masa hannu. Jefi-jefi akan sami ɗan canji wajen kwafarsa, canjin nan kuma shi ke zama tambarin wannan reshe har abada. Turawan Ingila kuwa sun fara gadar da sunan dangi daga uba zuwa ɗa bayan zuwan Normawa a 1066, kafin shekarar 1400 abin ya game yawancin gidaje. Suna da zare sai suka riƙa tafiya kan turba ɗaya.

To, sauran rabin fa? Nan ne labarin ya fara ɗaci. Daga yawan waɗanda ba su dace ba, Sykes ya ƙiyasta cewa a kowane tsani na haihuwa, a cikin 'ya'ya ɗari akan sami ɗaya da ɗoriya da ke amsa sunan wanda ba shi ya haife shi ba. Wani agola ne, wani ɗan riƙo, wani ya ɗauki sunan uwarsa, wani kuma sirri ne da aka binne tare da mai shi. Na'ura ba ta bambance waɗannan. Abin da kawai take cewa shi ne zaren ya tsinke a wani wuri.

Gidan sarautar Ingila ma bai tsira ba. A 2012 aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na Uku, wanda aka kashe a fagen yaƙi a 1485, a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci a birnin Leicester. Gadon da ake bi ta wajen uwa ya dace da na zuriyar 'yar'uwarsa, aka tabbatar shi ne. Amma zarensa na Y bai dace da na mazan da takardun nasaba suka ce kakansu ɗaya da shi ba. Tsani 19 ne tsakaninsa da kakan kusa da ya haɗa waɗannan maza, kuma a ɗaya daga ciki takarda ta faɗi wani abu, jini ya faɗi wani. A Amurka kuwa akasin haka aka gani a 1998: gwajin ya nuna zuriyar Eston, ɗan baiwar nan Sally Hemings, suna ɗauke da zaren gidan shugaban ƙasa Thomas Jefferson, maganar da dangin baiwar suka shafe tsawon lokaci suna faɗa ana ƙaryata su. Tun daga 2000 kamfanoni irin su Family Tree DNA suka mayar da abin kasuwa, yau da waya a hannu mutum zai yi odar kwalbar tofa yawu.

Mu a ƙasar Hausa, idan muka ce za mu kwaikwayi Sykes, tun a bakin ƙofa za mu yi tuntuɓe, domin ba mu gaji sunan dangi irin nasu ba. Mutum sunan yankansa yake amsawa, a bi shi da na mahaifinsa, jika ya zo sunan kaka ya faɗi. Da makarantar boko ta nemi suna na biyu don rajista, da yawa garinsu suka bayar: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Isa Kaita. Wanda ya tara duk masu amsa Kano ko Funtuwa ya auna su, taron kasuwa ya auna. Ko a inda suna ya zauna ya zama na gida, ba lallai ta wajen uba ya shigo ba. Alhassan Ɗantata, attajirin da ya rasu a 1955, ya samo laƙabinsa ne daga Tata, tsohuwar da ta rene shi, ga shi yanzu jikoki da tattaɓa-kunne suna amsa shi.

Abin da muke da shi a madadin sunan dangi shi ne tsagar wanzami a fuska, da kirarin da maroƙa ke riƙe da shi, da wasan taubasai, da sunayen zuriya. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi kama da abin da ake iya aunawa, kuma su ne ke da nauyi a kansu. A Kano, tun hawan Ibrahim Dabo a 1819 sarauta ke hannun Sulluɓawa, Madaki daga Yolawa yake fitowa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa. Wato nasaba a nan ba hirar dare ba ce, rawani ne da gunduma da kujerar zaɓen sarki. Sai dai duk wanda ya san yadda manyan gidajenmu suka ginu ya san ba jini kaɗai ya cika su ba. Almajiri ya zauna gaban malami har ya zama ɗan gida, barori da cucanawa sun tashi suna amsa sunan gidan, baƙo ya auri 'yar gida 'ya'yansa suka narke a ciki. Masana tarihi sun nuna cewa Toronkawa, dangin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tun a Futa Toro jama'ar malamai ce da ta haɗiye mutane masu asali daban-daban. Idan aka auna irin wannan zuriya aka sami zare biyar ko goma, ba a kama kowa da ƙarya ba. An dai gano abin da tsofaffin gidan suka sani suka ga bai kamata a riƙa faɗa a zaure ba.

An taɓa gwada makamancin haka a kan masu da'awar sharifta. Wani bincike da aka buga a 2010 ya auna mazan Indiya da Pakistan masu amsa sunan Sayyid. An ga alamun asalin Larabawa a cikinsu sun fi na maƙwabtansu yawa, amma ba a ga zare guda da ya haɗa su a kan kaka ɗaya ba. Ga mu da unguwar Sharifai a Kano da gidajen sharifai a garuruwa da dama, ba sai an faɗa mana irin ƙurar da sakamako kamar wannan zai tayar ba. Malaman fiƙihu sun hango matsalar da wuri. A shari'a ɗa na mai aure ne, kuma a 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da wannan gwaji don bincikar nasabar da ta riga ta tabbata ko don kore ta ba, ko da yake ta yarda da shi wajen gano gawa ko jariran da suka cakuɗe a asibiti. A ganinmu wannan iyaka tana da hikima, domin wanda zai sha kunyar sakamakon sau da yawa wata kaka ce da ta daɗe a kabari, ba ta da bakin kare kanta.

Akwai kuma lissafin da masu tallar gwajin ba su cika ambata ba. Iyaye biyu ne, kakanni huɗu, iyayensu takwas. A tsani na goma gurbi 1,024 ne, zaren Y kuwa mutum ɗaya tak yake nunawa a cikinsu. Bafulatanin da kakanninsa mata Hausawa ne tun zamanin jihadi, ko Bahaushen da jinin Barebari da Buzaye da Nufawa ya cika jikinsa, zaren ba zai ce uffan a kan wannan ba.

Duk da haka gwajin ya faɗi wani abu game da mu wanda ya cancanci a sani. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka bayyana wani reshe da suka sa wa suna R1b-V88, ɗan'uwan reshen da ya fi yawa a mazan yammacin Turai. Sun same shi da yawa a tsakanin masu magana da harsunan dangin Cadi, wato dangin da Hausa ke ciki, har a wasu ƙabilun duwatsun arewacin Kamaru ya kusa game mazansu duka. Wani binciken na 2008 ya same shi a jikin kusan kashi 40 cikin ɗari na Hausawan Sudan da aka auna. Da jin haka wasu suka yi tsalle suka ce ga Bayajidda nan, kimiyya ta gaskata cewa daga Bagadaza muka zo. Kwanan wata bai ba su gaskiya ba. A shekarar 762 aka gina Bagadaza, masu wannan zare kuwa sun shigo tsakiyar Afirka shekaru dubbai kafin nan, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna, Tafkin Cadi kuma ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Ko a labarin Daura kansa, baƙon da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu gari ya tarar a kafe, da jama'arsa, da jerin sarauniyoyi da suka yi mulki kafin Daurama.