Waƙar Da Ba Ta Da Ubangida: Tarihin Waƙoƙin Begen Masoyi A Ƙasar Hausa

Manazarta waƙoƙin baka sun daɗe da karkasa makaɗan Hausa gida-gida. Akwai makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, akwai makaɗan sana'a masu bin manoma da mahauta da maƙera, akwai na maza masu zuga 'yan dambe da 'yan tauri, sa'annan ga makaɗan jama'a waɗanda Alhaji Mamman Shata ya zame musu jagora. Idan mai karatu ya lura da kyau zai ga abu guda ne ya haɗa waɗannan gidaje, wato kowace waƙa tana da ubangidanta, wanda aka yi ta dominsa, wanda kuma zai ba da doki ko riga ko kujerar Makka. To amma akwai wata waƙa da ba ta da wanda zai biya ta, ita ce waƙar wanda so ya ci amanarsa. Budurwar da ta guje ka ba za ta yi maka kari ba, balle mijin da aka ba shi ita. Tambayar da muke so mu bi sawunta a wannan maƙala ita ce, yaya aka yi wannan marainiyar waƙa ta rayu, har ta zo ta mamaye kunnuwan matasanmu a yau?

Kalmar bege kanta ta fi daɗewa a bakin malamai. A wajensu bege shi ne ɗokin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ƙishirwar ganin Madina. A kan wannan turba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka yi waƙoƙi, a kanta kuma Malam Aliyu Namangi na Zariya ya gina sassa masu yawa na Imfiraji. Sai dai ga wani abin lura. Ƙasidun Larabci da ake karantawa a zaurukanmu, irin su ta Ka'abu bin Zuhairu wadda aka fi sani da Banat Su'adu, da kukan rabuwa da mace suke buɗewa kafin su shiga yabo, kamar yadda al'adar mawaƙan Larabawa take tun kafin Musulunci. Ke nan almajirin da ya yi zurfi ya san yadda ake kukan rabuwa, amma da harshen wasu. Da Hausa kuwa kunya ta ɗaure bakinsa, domin a ƙasar da matar aure ba ta faɗin sunan mijinta, namiji ya tsaya gaban jama'a ya ce wance ta hana shi barci abin dariya ne, ko ma a ce an yi masa asiri.

Mata ne suka riƙe wannan waƙa tsawon zamani, ba tare da kowa ya kira su mawaƙa ba. A dandalin Kademi ko Toranke ko Balare, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Kano, 'yan mata kan yi gaɗa da farin wata, a cikin gaɗar nan kuwa yarinya kan faɗi abin da ba za ta iya faɗa a gaban iyayenta ba: saurayin da take so, da tsohon da ake shirin ba ta, da rijiyar da take barazanar faɗawa. Haka nan matar da ke niƙa ko daka takan saka baƙin cikinta a cikin amon dutse da taɓarya, ta yi wa kishiya habaici, ta tuna da mijin da ya tafi cin rani bai aiko ba. Mu mutanen gabashin Kano mun san wannan ciwo, domin da an kawar da amfanin gona rabin samarin gari sun bi hanyar Wudil. Waɗannan waƙoƙi ba su da mai su, kowace yarinya takan ƙara ɗiyanta ta wuce. Da injin niƙa ya shigo, dandali kuma ya mutu, sai mafi yawansu suka bi iyayenmu mata zuwa kushewa.

A cikin maza kuwa, wanda ya fara samun bakin faɗin "ni" shi ne makaɗin da ke tafe shi kaɗai da ɗan abin kiɗansa. Dalilin a fili yake. Makaɗin fada yana da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, dukkansu bakuna ne da ke jiran abinci, don haka ba shi da sukunin ɓata dare a kan waƙar da ba ta kawo komai. Shata ya yi wa mata waƙoƙi da dama, kamar Kilishi Jikar Dikko da Indon Musawa, amma yabo ne irin wanda ake yi wa masu hannu da shuni, bai fito a matsayin wanda so ya kayar ba. Mai gurmi ko kuntigi ko kukuma kuwa kayansa ba nauyi, kuma majalisarsa ta samari ce da direbobi da 'yan kasuwa da matan da suka bar gida, mutanen da kowannensu ke da wani tabo. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya shiga cikin ɗakin aure ya fito mana da abin da ke ciki, a waƙoƙi irin su Jawabin Aure. Sai dai shi mai ba da labari ne da jan kunne, yana tsaye a gefe.

Wanda ya shiga cikin wutar da kansa, a ganinmu, shi ne Haruna Uji na Haɗeja, maƙwabcinmu, domin har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa jiha ɗaya muke da su. A waƙoƙinsa na Jummai da Balaraba ya kama sunan mace ya yi ta kira, gurmi na amsa masa, babu wata runduna a bayansa da zai fake da ita. Abin da ya ba waƙoƙin nan ƙarfi shi ne kunyar ba ta gama sakinsa ba. Za ka ji mutum ne da ya san bai kamata ya faɗa ba, amma abin ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙa kewayawa yana dawowa kan suna guda. Idan aka ce mu zaɓi waƙa ɗaya tak daga cikin wannan fanni, Jummai za mu ɗauka, ko da yake mun san a cikin ƙungiyar nan akwai waɗanda za su tashi tsaye domin Hassan Wayam ko Garba Supa da kukumarsu.

To wa ya biya Uji? A nan ne na'ura ta shigo cikin tarihin. Faifan garmaho ya riga ya zo, amma kayan masu hali ne. Rediyo ya fi shi isa ƙauye, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wanda shirinsa na Zaɓi Sonka ya koya wa saurayi wata dabara: ya aika da kati a gai da wance, a sa mata waƙa, waƙar ta faɗi sauran. Sai kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur da na Udoji. Kaset ne ya sauya ubangida. Maimakon sarki guda mai ba da doki, sai ga dubban talakawa kowa da 'yan sulallansa. Kuma rikoda ta ba mutum abin da bai taɓa samu ba, wato ya saurari waƙa shi kaɗai a ɗaki, ya mayar da ita baya sau goma, babu mai ganin idonsa. Waƙar baƙin ciki ba ta son taro. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafa da rarraba kaset, daga nan yake gangarowa kasuwannin ƙauye a bayan keke. Kwafar nan ta kai sunan mawaƙi inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, ta kuma cinye mafi yawan ribar da ya kamata ta shiga aljihunsa.

A daidai wannan lokaci wani kogin yana shigowa daga gabas. Gidajen siliman Kano, irin su Plaza da Orion da El Dorado, sun shekara da shekaru suna nuna finafinan Indiya, muryoyin Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar suka zauna a kunnen mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen. Abin da suka ji shi ne labarin da suka sani: yaro da yarinya na son juna, iyaye sun ƙi, kuɗi ya raba. Har masu begen Annabi da bandiri suka ari karin waƙoƙin suka ɗora yabo a kai, ka ga bege ya zagayo ya haɗu da ɗan'uwansa.

Mu marubuta ma muna da hannu a ciki, kuma bai kamata mu yi tawali'un ƙarya ba. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Bello Sa'id ya fitar da Dausayin Soyayya a 1982. Bayansu sai ambaliyar littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da sauran 'yan Raina Kama suka sha suka a jaridu kan cewa suna lalata tarbiyya. Littattafan nan ne suka saba wa Bahaushe da ganin kalaman so a rubuce da harshensa, wasiƙa da baitoci da duk abin da ake sakawa a tsakani. Da finafinan bidiyo suka kankama, musamman bayan Sangaya a 1999, sai fiyano ƙirar Yamaha ta karɓi aikin gurmi, aka shiga zamanin da ake kira nanaye.

Nan wani abu ya faru wanda ba a cika kula da shi ba. A gargajiyance mawaƙin Hausa shi ke ƙirƙirar waƙarsa, shi ke rera ta, fuskarsa kuma ita jama'a ke gani. Fim ya raba waɗannan ayyuka kamar yadda ake yi a Indiya: mai shirin fim ya faɗi abin da yake so, Misbahu M. Ahmad ko Rabi Mustapha ko Mudassir Ƙasim su rera a situdiyo, jarumi ya motsa baki ya kwashe farin jinin. Kukan ya zama na haya. Sai a ƙarshen shekarun 2000 mawaƙa suka fara fitowa da kundin waƙoƙinsu na kansu, da sunansu da hotonsu a jikin faifai. Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, wanda marubucin littattafai ne kafin waƙa ta ɗauke shi, ya nuna cewa fiyano za ta iya ɗaukar Hausa mai nauyi. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka mayar da fitar da kundi abin da matasa ke jira, har ya zama ana sanin shekara da kundin da ya fito a cikinta. Ta wannan fuska su ne magadan Uji, ko sun sani ko ba su sani ba: mutum guda, da kalmominsa, da ciwonsa.

Ba mu ce duk abin da suka fitar zinariya ba ne. Kunyar da ta sa Uji kewaye-kewaye ta kau, da ta kau kuwa sai faɗar ta yi arha. Zuciya da ruhi da jini da hawaye sun zama kamar tubalan da ake jerawa don amsa-amo ya faɗa daidai, kowane saurayi zai mutu a baiti na biyu, ya kuma tashi a na uku. Na'urar gyaran murya ta sa muryoyi sun zama ɗaya. Duk da haka, a cikin kundayen Nura M. Inuwa, irin su Afra da Ranar Aurena, akwai baitocin da aka zauna aka saƙa, masu karin magana da azanci, waɗanda malamin Hausa ba zai ji kunyar kai su aji ba. Farin jinin da Jaruma ta Hamisu Breaker ta samu a 2020, lokacin kullen korona, ya nuna har matan aure a cikin gidajensu sun karɓi waƙar soyayya a fili, abin da kakanninsu sai a bakin turmi.

Shi kansa kundin bai daɗe yana mulki ba. Wayar hannu da memori sun wargaza shi, mai tura waƙa a bakin tasha yakan zuba wa yaro ɗaruruwa a lokaci guda, babu jeri, babu shekara, sau da yawa babu sunan mai ita. Tsofaffin kaset ɗin kuwa dama ba a rubuta musu kwanan wata ba, zarensu yana ta cin ƙura a cikin adaka. A makarantunmu na Gaya da Ajingi mun sha tambayar ɗalibai ko sun san Haruna Uji, su ce a'a. Idan muka kunna musu Jummai sai wasu su ce ai suna da ita a waya, babansu ne yake sa a tura masa, an rubuta mata "tsohuwar waƙa" da lamba a gaba.