Baƙin Kaka: Tarihin Tsuntsayen da ke Ratsa Gulbin Zamfara

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ayari biyu ne suke kiciɓis a sararin samaniyar yammacin Zamfara. Shamuwa, wadda ta yi damina a kan kukoki da tsamiyoyin garuruwanmu, tana tattara 'ya'yanta ta nufi kudu. A daidai wannan lokaci kuma wasu baƙi suna sauka daga arewa bayan sun ƙetare Sahara: tsattsewar Turai, ƙananan agwagin ruwa, tsuntsayen bakin tafki masu dogayen ƙafafu, da wasu 'yan mitsi-mitsi da ke ɓuya a cikin ƙaya. Duk mai son kallon tsuntsaye a Anka, Gummi ko Bukkuyum, kaka ce lokacinsa. Amma sanin inda waɗannan baƙi suke fitowa da inda suke zuwa ya ɗauki ɗan Adam ƙarnuka, kuma rabin amsar a hannun kakanninmu take tun fil azal.

Manomin ƙasar Zamfara ya daɗe yana karanta shekara a jikin tsuntsu. Zuwan shamuwa bushara ce ta ruwa: a fito da iri, a gyara fartanya. Shi ya sa ba a cika taɓa ta ba, har ta saba da yin sheƙa a tsakiyar gari. Idan gero ya fara nuna, ko shinkafar fadama ta yi kai, jan baki ne abin fargaba, sai a tura yara gona da gwangwani da majajjawa. Idan ruwa ya janye daga fadamun Gulbin Zamfara, wanda ya bi ta Anka ya gangara Gummi kafin ya shiga ƙasar Kabi, kirinjijiya da dinya da zalɓe sukan taru a tafkunan da suka rage. Sarauta ta yi ta ƙaura a wannan ƙasa. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni har suka zauna a Anka a ƙarni na 19. Duk tsawon wannan lokaci kalandar tsuntsaye ba ta sauya ba, kuma da ita talaka yake auna shuka da girbi da ranar fita cin rani.

Abin da kakanninmu suka sani shi ne lokaci. Turawa su ma lokacin kawai suka sani, daga nasu ɓangaren. Suna ganin tsuntsayensu sun ɓace da kaka, sun dawo da bazara, ba su san ina suka shiga ba. Aristotle, masanin Girka, ya rubuta cewa wasu tsattsewa ɓuya suke yi a ramuka har sanyi ya wuce. Har cikin ƙarni na 18 akwai masana a Turai da suka yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki ta kwana a can. A watan Mayun 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashi soke a wuyanta, aka duba aka ga mashin ƙirar Afirka ne. Ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock. Wani maharbi na wannan nahiya tamu, wanda ba wanda ya san sunansa, shi ya aika wa Turai hujja mafi ƙarfi a lokacin cewa tsuntsayenta Afirka suke zuwa.

A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Daga nan aka fara zana hanyoyin ƙaura a taswira, zobe bayan zobe. A yankinmu, David Bannerman ya wallafa littafinsa kan tsuntsayen Afirka ta Yamma a juzu'i 8 tsakanin 1930 da 1951, aka kuma kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya a 1964. Reginald Moreau, a littafinsa na 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kusan miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka daga Turai da Asiya duk kaka. Wani lissafi na 2009 ya sa adadin ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kawai a kan miliyan 2,100. Ko wanne aka ɗauka, ƙasar farko mai ruwa da ciyawa da suke tararwa bayan hamada ita ce irin tamu.

Shekarar da ta nuna wa duniya muhimmancin wannan ƙasa ita ce 1969. Akwai wani ɗan tsuntsu da mutanen Ingila ke kira mai farin maƙogwaro a harshensu, nauyinsa bai wuce giram 15 ba. Da bazarar wannan shekara masu ƙirga tsuntsaye a can suka ga fiye da kashi biyu bisa uku na wannan tsuntsu bai dawo ba. Suka bincika gonakinsu da magungunan feshinsu, ba su ga dalili ba. A 1974 masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka nuna cewa ƙarancin ruwan daminar 1968 a kudancin Sahara ne ya kashe su. Wato tsuntsayen sun ba da labarin farin nan shekaru kafin yunwar 1973 ta sa duniya ta waiwayo Sahel. Iyayenmu sun san wannan fari a rumbunansu da garkensu, Bature kuma ya fara ganinsa a shingen lambunsa.

Wannan tarihi ya bayyana dalilin da ya sa kaka ta fi kowane lokaci. Tsuntsun da ya ƙetare hamada yana isowa a rame, daidai lokacin da ƙasarmu ta fi yalwa: ga fara da ƙwari, ga tsabar ciyawa, ga ruwa kwance a fadama. A Oktoba ake ganin masu wucewa da masu zama tare, shamuwa ba ta gama tafiya ba, baƙi kuma sun fara cika. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yana ƙafewa, sai tsuntsayen ruwa su matsu a wuri guda, su yi sauƙin gani da ƙirgawa, sai dai ƙurar hunturu takan rufe nesa. A Maris da Afrilu suna cin abinci ba ƙaƙƙautawa domin tara kitsen komawa. A duk waɗannan watanni sassafe ne lokacin fita, kafin rana ta ɗaga. Bishiyar da ta fi cancanta a tsaya ƙarƙashinta ita ce gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi sabo da kaka, ya yi fure, ƙwari su taru, baƙin su bi su. Masu bincike daga Holan da suka yi shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya a faɗin Sahel sun same shi cikin itatuwan da baƙin suka fi so. Manomin da ya bar gawo a gonarsa domin taki da abincin awaki yana ciyar da tsuntsun wata ƙasa bai sani ba.

Darasi mafi ɗaci kuwa a gidanmu ya faru. A farkon 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankara a watan Maris, daga baya bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma sai a 2013 aka kai ga share gubar daga Bagega. Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka zo, mutanen yankin sun shaida musu cewa tun kafin mace-macen su tsananta agwagi sun fara ɓacewa. Mutane sun gani, amma babu inda ake kai irin wannan labari, babu kuma wanda aikinsa ne ya rubuta shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da ya rasa shi ne littafin da zai ajiye kimar a ciki, da wanda zai karanta.

Yau akwai littafin. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa-kai suna shiga su rubuta abin da suka gani ta manhajar waya. Mu da muke aiki da rumbun bayanai mun san illar gurbin da ba a cike ba: mai duba taswira daga nesa yakan ɗauka babu komai a wurin. Inda 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gonarsa, baƙo mai madubin hangen nesa ba zai shiga ba, kuma yawancin dazukan yammacin Zamfara suna cikin wannan hali. Idan gauraka, wadda Najeriya ke kira tsuntsuwar ƙasa, ta kusa ƙarewa a ƙasar nan gaba ɗaya, wani tsuntsun ma yana iya ɓacewa daga fadamunmu ba tare da an lura ba.

Saboda haka aikin ya dawo hannun 'yan gida, kuma ba sai an shiga daji ba. Ɗalibi a Gummi zai iya rubuta ranar da shamuwar ƙarshe ta bar unguwarsu, da yawan sheƙunan da ta bari. Malamin makaranta a Anka zai iya tambayar dattawa sunayen tsuntsayen da suka sani a ƙuruciyarsu, da waɗanda suka daina gani, ya rubuta da Hausa kafin sunayen su bi masu su. Masunci a bakin gulbi ya fi kowa sanin makon da agwagin arewa ke sauka. Duk wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ya karanta lambar ya ɗauki hotonta, domin akwai wanda ya saka ta a wata ƙasa yana jiran labari. Rubutun shekara ɗaya ba zai nuna komai ba, amma na shekara 20 zai gaya wa 'ya'yanmu ko damina tana ja da baya, ko fadama tana mutuwa, ko wata guba ta sake shiga ruwa. Kakar bana ta isa a fara.