Sa Hannun da Ke Tayar da Jirgi

Mu 'yan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ba mu da filin jirgi a gida. Wanda ya shiga gyaran jirgin sama daga wajenmu, Zariya ce makarantarsa, Kano ce shagonsa.

Sana'ar ta iso tare da jirgin kansa. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka sauka Kano a 1925 daga Masar, da kanikawansu suka taho. Shekaru da dama bayan nan Bature ke riƙe da sifana, namu sai ɗauko kaya da goge mai. Kwalejin koyon aikin jirgin sama da aka kafa a Zariya a 1964 ita ta juya lamarin: ɗan ƙasa ya fara samun lasin da zai duba jirgi, ya sa hannu a littafinsa cewa ya isa tashi.

Manyanmu a Nigeria Airways suka goge. Mu kuma aikin Hajji ya raine mu, musamman bayan Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo ya kafa Kabo Air a 1980. Lokacin jigilar alhazai ba barci. Jirgi ya sauka da tsakar dare, a bi taya da birki da mai da fitila a hannu, a leƙa inji ko tsuntsu ya shiga, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatu, ga masu jirgi a tsaye suna duban agogo.

Illar duban agogon nan kowa a cikinmu ya san ta. A Yulin 1991 jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato, tayoyi biyu iskarsu ba ta cika ba. An sani, aka ƙi jira. Tayoyi suka fashe, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261 suka rasu. Shi ya sa duk yaron da aka turo mini, abin da nake fara koya masa shi ne yadda zai ce wa oga a'a, kafin ya taɓa ko ƙusa ɗaya.

Da Nigeria Airways ta rushe a 2003, ƙwararru suka watse. Yau akwai Max Air, akwai hannu, amma babban bincike, wanda ake kwance jirgi har ƙashinsa, yawanci waje ake kai shi a biya da dala, ko da yake Aero Contractors ta fara yin na Boeing 737 a Legas. Ɗalibin injiniya a Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure zai iya kai wa ga lasin. Muddin Kano ba ta da babbar rumfar gyara, rabin sana'ar a ƙasar wasu zai koyo ta.