Wa Ya Gina Tsohon Cocin Wusasa?

Tambayi mutane a Zariya wanda ya gina cocin Saint Bartholomew na Wusasa, da yawa za su ce maka Likita Mila. Ba su yi nisa da gaskiya ba, amma ba su dace da ita ba.

Likita Mila, wato Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, wanda Sarkin Kano Alu ya sallama. A 1905 ya zauna cikin birnin Zazzau, yana ba da magani, yana koyar da yara. Zaman bai yi wa fada daɗi ba, bai kuma yi wa Turawan mulki ba, domin sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba. Ga ɗalibai sun ƙaru, musamman 'ya'yan Isawa da ciwon barci ya tarwatsa ƙauyensu na Gimi. Aka yanke a fitar da mishan bayan ganuwa, zuwa gindin dutsen Wusasa.

A nan zaren yake. Miller bai so wannan ƙaura ba, ransa na cikin birni, ƙarshe ma Kano ya koma. Wanda ya ɗauki nauyin sabon mazaunin shi ne Guy Bullen, matashin limamin coci, kuma a hannunsa cocin ya tashi a 1929. Bai daɗe ba aka naɗa shi mataimakin bishop a Sudan, ya mutu a hatsarin jirgin sama a 1937. Sunan Miller, mai fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932, ya rufe nasa.

Sai dai ginin kansa yana da nasa bayanin. Shiga ka ɗaga kai: bango mai kauri na tubalin ƙasa, bakan gizo da aka tanƙwara da azara, sanyi ko da rana ta take. Wannan ba ilimin Ingila ba ne. Hannun maginan Hausa ne, a garin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a kusan shekara ɗari kafin nan. A ganina su ne suka fi cancanta a ambata, su ne kuma aka fi mantawa.

Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so kafin kowace damina. Zazzagawa, Musulmi da Kirista, a kula da shi, aikin kakanninku ne.