Yadda "Yeke Yeke" Ta Tashi Daga Faifai Ta Shiga Gidajen Rawa

Mutanen Haɗejiya da suka taso da gurmin Haruna Uji sun san yadda waƙa ke yin ƙafa: waƙarsa "Jummai" ta bi rediyo da kaset har garuruwan da mai ita bai taka ba. Irin wannan tafiya ce "Yeke Yeke" ta yi, sai dai tata ta ƙetare teku.

Mai waƙar, Mory Kanté, ɗan gidan maroƙa ne daga Gini, an haife shi a 1950. A Bamako ya goge, cikin ƙungiyar Rail Band da ya shiga a 1971, inda daga baya ya gaji Salif Keita a matsayin babban mawaƙi. Ya bi ta Abijan ya sauka Faris, ya sa "Yeke Yeke" cikin faifansa na 1984. A lokacin ba ta yi wani tashe ba.

Sai 1987, da ya sake naɗarta a faifan Akwaba Beach. An ƙara wa kiɗan sauri, an haɗa kora, wato molon Mandinka mai tsirkiya 21, da ƙahoni da gangunan inji. A 1988 ta hau saman jadawalin waƙoƙi a Holan da Beljiyam da Sifaniya, ta zama waƙar Afirka ta farko da aka sayar da kwafinta sama da miliyan ɗaya. Masu kallon finafinan Indiya ma sun ji amon faifan ba tare da sun sani ba, domin daga waƙarsa "Tama" aka ɗauko karin "Jumma Chumma" na fim ɗin Hum na 1991.

A 1994 Hardfloor, wasu Jamusawa biyu masu kiɗan na'ura, suka warware waƙar suka sake ɗinke ta don gidajen rawa, kuma a 1995 ta sake shiga jadawalin Birtaniya. Wannan juyi ya fi tsaya mini a rai, don kusan duk kayan kiɗan gida sun kau, na'ura ta maye gurbinsu. Muryar maroƙin ce suka kasa taɓawa, ita ce kuwa ke ɗauke da waƙar. Matasan Turai suka yi ta kwana rawa da harshen da ba su jin ko kalma ɗaya a cikinsa.

Mory Kanté ya rasu a Konakiri ranar 22 ga Mayu, 2020, yana da shekara 70.