Zaure Ɗaya, Ɗakuna Da Yawa: Yadda Adireshin Intanet Ya Yi Ƙaranci

Lokacin da aka tsara IPv4 a 1981, adireshi kusan biliyan 4.3 sun zama kamar rumbun da ba zai taɓa ƙarewa ba. Ba a jima ba injiniyoyi suka hango gindin rumbun. A 1994 aka fito da dabarar NAT, wato na'urori da yawa su fita duniya ta adireshi guda, kamar babban gida mai zaure ɗaya. A Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rabar da ragowar adireshin hannunta.

Shi ya sa mai POS a kasuwar Gwarzo da ɗalibi a Kabo, in kamfanin layinsu ɗaya ne, suna iya bayyana da adireshi guda. Idan wani shafi ya toshe adireshin saboda laifin ɗaya, ya shafi ɗayan.

Mai sa ido kan sabobi ya fi kowa shan wahalar wannan tsari. In ya yi sallama daga waje, na'urar bakin zaure ce ke amsawa, ko da sabobi uku sun mutu a ciki. Dole ya ware wa kowace saba lambar ƙofarta. Abin da na fi gamsuwa da shi kuwa, a girka wa kowacce ƙaramar manhaja mai aiko da rahoton lafiyarta. In rahoto ya yanke, an san wacce ta faɗi.